An Ga Arwa

Sana'ata kula da kifin da ba a ci. A Jidda akwai gidaje da ofisoshi masu ajiye babban akwatin gilashi cike da ruwan teku, haud muke ce masa. Ni nake zagayawa in wanke gilashin, in gwada gishirin ruwan, in canza abin da ya kamata a canza. Ban yi makarantar wannan aiki ba. Na koya da ido da tambaya, da 'yan littattafan da suke zuwa shagon da nake wa aiki. Mai shagon, Nayef, shi ne kafilina, mai tsaya mini a wajen hukuma. Da sunansa iƙamata take, wato takardar zaman baƙo a ƙasar, ko da yake a nan unguwar Sa'alaba aka haife ni, a gidan da yake jingine da wanda aka haife shi.

Kakanninmu tare suka zo hajji suka zauna. Mahaifinsa ya sami takardar zama ɗan ƙasa, nawa bai samu ba, shi ya sa su suka koma unguwar Aziziyya mu muka tsaya inda muke. Amma mahaifiyarsa, Khala Zubaidatu, ba ta yar da mu ba. Ƙawar uwata Hindatu ce tun suna 'yan mata, ta goya ni a bayanta kafin ta haifi nata. Har na yi furfura a gemu ba ta daina kirana ɗan Hindatu ba. Da ɓarin jikinta ya shanye, ta koma zama a kujera mai taya, Nayef ya sa na haɗa mata haud a falonta don ta sami abin kallo. Ita da kanta ta ciro makullin ƙofar gefe daga ƙarƙashin matashinta ta sa a tafin hannuna.

"Ka riƙa shigowa ba sai ka buga ba," ta ce. "Ɗan gida ba ya tsayuwa a rana."

Mai aiki irin nawa ba shi da jarin da ya wuce wannan. Ina shiga gidajen mutane lokacin da mazan suna wurin aiki, in wuce ta gaban ɗakuna a buɗe, agogo a kan tebur, zobe a bakin famfo. Kusan duk gidajen da nake zuwa na ƙawayen Khala ne da 'ya'yansu, kuma abin da ya buɗe mini su shi ne kowa ya san makullinta yana aljihuna.

Kifayen da na zuba mata ƙanana ne, ba su wuce tsawon yatsa ba. Dangin hamur ne, babban kifin tekun nan da ake ci, ko da yake wanda ya saba ganin hamur a faranti ba zai yarda ba. A Bahar Maliya garke-garke suke tashi a saman duwatsun murjani, kamar an watsa ɓawon lemo a ruwa. Matan ruwan lemo ne, da siririn layin shuni daga ido zuwa kumatu. Namiji ɗaya ne a garke. Ya fi su girma, ja ne mai duhu da ya karkata zuwa shuni, da wata doguwar ƙaya a gadon bayansa. Kuma Allah ya yi musu wata ƙa'ida da na daɗe ina juya ta a raina. Idan namijin ya mutu, garken ba ya zama haka. Babbar cikin matan sai ta fara canzawa, launinta ya yi duhu, ƙaya ta tsiro mata, cikin 'yan makonni ta zama namijin garken. Duk mai wannan sana'a ya san haka. Nayef ya sani, yana ma ba masu saye labarin a shago don ya burge su.

Babbar macen da ke haud ɗin Khala tana da alama. Reshen wutsiyarta na ƙasa gajere ne, wani abu ya gatse shi tun daga tushe lokacin tana teku, bai sake tsirowa daidai ba. Ita ce marar tsoro a cikinsu. Idan Khala ta ƙwanƙwasa gilashin da zoben azurfarta, ita ke fara zuwa ta tsaya daidai yatsan. Khala ta sa mata suna Arwa, sunan babbar 'yarta da ta rasu wajen haihuwa. Ba wanda ya hana ta. Na sha shigowa in same ta tana ba kifin labarin unguwa da ƙaramar murya, wa ya yi aure, wa ya koma Makka.

Da sanyin bana ciwon ƙirji ya kwantar da Khala a asibiti. A cikin kwanakin ne Nayef ya fita kamun kifi da abokansa a bakin tekun Abhur, ya kamo wani ɗan hamur ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi. Ya yi ƙanƙanta a ci, ya yi kyau a yar, sai ya kawo shi gida a bokiti ya zuba a haud ɗin don uwarsa ta dawo ta ga sabon abu. Da na zo ran Alhamis na tarar da ɗan hamur kwance ƙarƙashin dutse, cikinsa a kumbure, namijin garken kuma babu shi. Ban ji haushin hamur ba. Baki aka yi masa mai faɗi, aka sa shi cikin abinci. Na kwashe shi na mayar shago, na gaya wa Nayef, ya dafe kai ya ce a tunaninsa bakin bai kai ba.

Jinyar Khala ta yi tsawo. Duk zuwan da na yi sai in ga Arwa ta ƙara duhu. Ta fara korar sauran, tana hawa sama tana faɗowa a kansu kamar yadda namijin yake yi. Ranar da na ga ƙayar ta fito sosai na kira Nayef ya zo ya gani. Ya daɗe a tsaye gaban gilashin, hannu a aljihun taubinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa.

"Musiba," ya ce. "Wallahi musiba, ya Hadi."

"Tana da rai, Abu Meshari. Lafiyarta ƙalau. Ga wutsiyar nan, Khala za ta gane ta." Da sunan ɗansa nake kiransa, kamar yadda ake yi a nan.

Nayef yana jin Hausa sarai, amma idan ransa ya ɓaci rabin maganarsa Larabci take komawa.

"Ta gane me? Sunan ukhti ne a kanta, 'yar'uwata, Allah yarhamha. Kana so in tsaya gaban Ummi in ce mata Arwa ta zama rijjal, ta zama namiji? Aib, ya akhi! Mata su ji, su yi ta dariya da sunan mamaciya?"

"To me za a ce mata?"

"Khalli, bari kawai. Zan yi tunani. Likita ya ce da saura."

Ba a kai yadda likita ya ce ba aka sallame ta. Ni ban sani ba. Na zo da safiyar Alhamis kamar kullum, da bokiti da tiyo, na buɗe ƙofar gefe, sai na ga takalman mata jere a bakin falo, ƙamshin turaren wuta da gahawa ya cika gidan. 'Yan barka da sauƙi ne, tsofaffin Sa'alaba da na Aziziyya, waɗanda suka san ni tun ina yawo ba wando. A gidajenmu, idan mata suna falo, namijin da ba muharrami ba yakan tsaya bayan labule ya ce dastur, ya jira su shirya ko a sallame shi. Na ajiye bokitin, na buɗe baki zan yi dastur ɗin, sai na ji muryar Khala, ta yi rauni amma ita ce.

"Nayef, matsar da ni in ga yarana. Ina Arwa? Ga namijin can, ga sauran. Ina Arwa ta shiga?"

Idonta ya yi rauni, launi take bi. Ta ga kifi mai duhu ta ɗauka tsohon namijin ne. Zoben kuwa an cire mata a asibiti saboda kumburin yatsu, ba ta da abin ƙwanƙwasa gilashin. Na ji ƙarar ɗan kofin gahawa a kan faranti. Sannan Nayef, wanda yake tsaye ta ɗaya ƙofar falon, ya yi magana.

"Hadi ne ya ɗauke ta, ya Ummi. Wani mai saye ya gan ta a hoto ya so, ya kai masa ba da sanina ba. Zan sa ya dawo da ita. La tiz'ali, kada ranki ya ɓaci."

"La haula! Ɗan Hindatu?" in ji wata.

"Shi da makullin gida yake hannunsa?"

"Kina kwance a asibiti? Zubaidatu, ki sa a duba miki akwatin gwal. Wanda ya fara da kifi ai ba a kifi zai tsaya ba."

"Ni dama shirun nan nasa bai taɓa kwanta mini ba. Mutum kullum kai a ƙasa kamar mai neman allura."

Sai na ji muryar Khala. "Juya ni," ta ce. "Ba na son ganin gilashin nan."

Tsakanina da su labule ne kawai, na yadi mai nauyi ruwan zuma. Da hannu ɗaya zan iya ɗaga shi. Amma namiji ba ya kutsa kai cikin mata, ba ya jefa murya ta bayan labule, ba ya ƙaryata mai gida a gaban baƙin uwarsa, balle uwar da jiya ta baro gadon asibiti. Duk wannan tarbiyyar a gidan Hindatu da gidan Zubaidatu na sha ta. Ita ce ta riƙe mini harshe yayin da ake yanka sunana ana rabawa da dabino.

Nayef ya zagayo ta baranda ya yi kiciɓis da ni. Fuskarsa ta canza. Ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Abu Muath. Kalma ce ta fito. Ka ga halin da take ciki." Idan yana neman abu a wurina yake kirana da sunan ɗana. Sai ya waiga wajen labulen, ya ɗaga murya yadda za a ji a ciki. "Hat al-miftah. Kawo makullin."

Na ba shi.

Kafin sallar Juma'a maganar ta riga ni zuwa Sa'alaba. Yayata Mastura ta shigo gidana ko sallama ba ta ƙarasa ba, abayarta a karkace.

"Hadi, kifi? Da girmanka, da 'ya'yanka? A gidan Khala?"

Na zaunar da ita na gaya mata komai, tun daga ɗan hamur. Ta saurara, baki buɗe.

"Wato macen ce ta zama namiji."

"Ita ce."

"Ya Allah. To don girman Allah kada ka faɗi wannan a waje. Gara a ce maka ɓarawo da a ce ka taɓu. Ɓarawo ana ba shi 'ya idan ya tuba." Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, sannan ta share ido da gefen mayafi. "Ni na yarda da kai, ɗan uwana. Amma ni kaɗai ce, kuma ba ni da haud."

A makon da ya biyo baya gidaje suka fara rufewa. Ba wanda ya ce mini ɓarawo. Wannan ta aiko cewa sun yi tafiya. Waccan ta ce in riƙa zuwa da yamma idan mai gidan yana nan. A wani gida mai aiki ta bi ni har bakin haud ta tsaya a kaina, tana kallon hannuwana, har na gama.

Na yi ta juya abin a raina ina tuƙi tsakanin unguwa da unguwa. Na san akwai ƙaryar da ake yi don tausayi. Likita yakan yi ta, ɗa yakan yi wa uwa. Da Nayef ya ce Arwa ta mutu, da na kama bakina, in bar shi da Ubangijinsa. Da ya ce shi ne ya jawo, da hamur ɗinsa, da na girmama shi. Amma ya duba ko'ina ya rasa abin da zai shimfiɗa wa uwarsa don kada ta taka ƙaya, sai mutuncin wani. Ya zaɓi nawa saboda shi ne mafi kusa da hannu, kuma ya san mai shi ba zai iya ɗaga labule ba. Tausayin nasa ne, yabon ɗa nagari nasa ne, abin da aka ƙona kuwa nawa ne.

Ya kira ni ma'ajiyar shagon da ke Khumra, inda muke sauke sababbin kifaye su huta kafin a kai su shago. Zafi ya cika rumfar, injinan iska suna ta gurnani. Ya nuna mini wani ƙaramin haud. Mace ce babba a ciki, ruwan lemo, irin su Arwa, lafiyayya. A kan teburin gefe ga ɗan almakashi a kan tsumma mai tsabta.

"Na samo mafita," ya ce, har da murmushi. "Girmansu ɗaya. Ka rage mata wutsiyar ƙasa kaɗan, hannunka ya fi nawa. Ka cire waccan, ka sa wannan. Ka durƙusa ka ce wa Ummi ka yi kuskure, ta yafe, in mayar maka da makulli a gabanta. Halas, kowa ya huta."

"Waccan fa, in kai ta ina?"

"Ko ina. Ka ba hamur ɗin."

Na dube shi. Yaron da na koya wa ɗaura ƙugiya a bakin teku.

"Abu Meshari, ka ce na musanya kifin uwarka alhali ban yi ba. Yanzu kana so in musanya shi da gaske don a daina cewa na yi?"

"La tfalsif, ya Hadi. Kullum kai da falsafa. Kifi ne!"

"Kifi ne. Idan na cire namijin na sa wannan, ita ce babba a garken. Kafin azumi ita ma ta juya. Ka sani kamar yadda na sani. Ranar wa zai zama ɓarawo? Ni ne kuma?"

"Sai mu sa namiji tare da ita."

"Sai in yanke wutsiyar lafiyayyar dabba, in kashe wadda tsohuwa take hira da ita, in durƙusa in amsa laifin da ban yi ba. Abu uku, don kai kada ka faɗi abu ɗaya."

Murmushin ya tafi. "Ka san iƙamarka ta kusa sabuntawa."

Bai taɓa faɗa mini haka ba tsawon zamanmu. Shi ma da ya ji ta a bakinsa sai ya kau da kai. Na ɗauki almakashin na mayar cikin aljihun tebur na rufe.

"Zan zo gaban Khala ran Alhamis," na ce. "Abin da zan faɗa kuma nawa ne."

Ina jin ya ɗauka na sauko ne, don bai hana ni ba.

Ranar ba baƙi. Na buga ƙofar gaba kamar mai kawo gas, mai aiki ta buɗe. Khala tana falo, an juya kujerarta tana fuskantar bango, haud ɗin yana bayanta. Gilashin ya fara yin kore. Nayef yana zaune a hannun kujera, yana kallon hannuna ko zai ga leda da kifi. Ba komai a hannuna.

Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya jiki. Ta amsa a taƙaice, ba ta kira ni ɗan Hindatu ba.

"Ka zo da ita?"

"Khala, ina zobenki na azurfa?"

Ta dube ni kamar na yi mata rashin kunya. "Zoben ma kana so?"

Wannan ta fi duk abin da matan suka faɗa zafi. Na haɗiye.

"So nake ki sa shi, ki ƙwanƙwasa gilashin sau ɗaya. Bayan nan duk abin da kika ce in yi zan yi."

"Ya Hadi," in ji Nayef, ya miƙe tsaye.

"Zauna," ta ce masa, ba ta ko dube shi ba. Ta sa mai aiki ta ɗauko zoben. Bai shiga yatsan ba, sai ta riƙe shi tsakanin yatsu biyu na hannun da yake aiki. Na juya kujerar na tura ta har gwiwarta ta taɓa katakon haud ɗin, na goge wani gefen gilashin da hannun rigata. Ta ƙwanƙwasa.

Ƙananan suka watse bayan duwatsu. Mai duhun ya sauko daga sama kai tsaye, ya tsaya daidai zoben, yana kaɗa jiki. Khala ta matso da fuskarta har numfashinta ya dusashe gilashin. Ta matsar da zoben hagu, ya bi. Da ya juya, wutsiyar ta fito fili, reshen sama dogo, na ƙasa guntu.

Ta sauke zoben.

"Wannan wutsiyar Arwa ce."

"Ita ce, Khala. Ba ta taɓa barin gidan nan ba."

Na gaya mata yadda abin yake, da kalmomi kaɗan. Namijin ya mutu, garke ba ya zama ba namiji, babbar ta ɗauki wurin. Na jira kuka ko salati, abin da Nayef ya ce ba za ta iya ɗauka ba.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. Sai ga ɗan murmushi a gefen bakinta mai motsi. "Ai mai sunan ma haka take. Da babansu ya rasu ita ta riƙe gidan nan, wannan yana ta kuka a ɗaki." Ta nuna Nayef da haɓa. Sannan murmushin ya ɗauke. "Kai ka san haka?"

Nayef ya sunkuyar da kai. "Na ji tsoron zuciyarki, ya Ummi."

"Zuciyata. Ka bar ni ina kwana ina tashi da cewa ɗan Hindatu ya ci amanata, wai kana tsoron zuciyata." Ta juyo gare ni, ta kama hannuna da hannunta mai sanyi. "Ka yafe mini, ya waladi. Maganar zoben nan, ka yafe mini. Nayef, ba shi makullinsa."

Ya ciro shi daga aljihu ya ɗora a kan murfin haud ɗin. Ban ɗauka ba.

"Na yafe, Khala. Amma ba a nan aka ɓata ni ba. A gaban mata aka yi. Abin da nake roƙo, idan sun zo, ki gaya musu ban ɗauki komai ba."

Ta saki hannuna. Ta dubi ɗanta, ta dubi kifin, ta dubi carbin da ke cinyarta.

"In ce musu ɗana ya yi ƙarya a gabansu? Yana da 'ya'ya mata, Hadi, masu neman aure suna tambaya. Shi kaɗai ya rage mini." Muryarta ta yi laushi, irin ta lallashin yaro. "Ka bar mini. Na san yadda zan faɗa, ba wanda zai ji kunya."

Ta faɗa kuwa. Mastura tana wurin a zaman da ya biyo baya, ita ta kawo mini kalmomin yadda suke. Khala ta ce, "Alhamdu lillahi, an ga Arwa. Tsakanina da ɗan Hindatu babu komai sai alheri, kada in ƙara jin maganar." Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. An rufe haud ɗin da zane a ranar, wai hasken yana damun idonta.

Matan suka fahimci abin da kowa zai fahimta. Wato ɗan Hindatu ya dawo da ita. Suka yi ta yaba haƙurin Zubaidatu, mace mai yafiya, ta rufa wa ɗan ƙawarta asiri. Wadda ta ce a duba akwatin gwal har ta yi ƙwalla. Kafin wannan zaman akwai masu shakka, masu cewa a bari a ji ta bakinsa. Bayan zaman babu. Ran Juma'a, muna fitowa daga masallaci, wani dattijo abokin mahaifina ya riƙe kafaɗata a gaban jama'a, ya ce ya ji abin da na yi, ya ji daɗi, Allah ya karɓi tubata. Na buɗe baki, na tuna abin da zan ce masa game da kifi mace, na rufe.

Nayef ya sabunta iƙamar ba tare da na tambaya ba, ya aiko mini da kwalin dabino mai tsada. Na ba yaran maƙwabta. Na roƙe shi ya mayar da ni ma'ajiyar Khumra, inda babu ɗakin kowa a buɗe, babu mai tsayawa a kaina. Ya amince da sauri.

Gida ɗaya kawai nake zuwa yanzu, saboda gilashin yana yin kore kuma kifayen ba su yi mini komai ba. Ran Alhamis nakan tsaya a ƙofar gaba in buga, in jira a rana har a buɗe. Khala takan ce, "Ɗan Hindatu, makullinka fa yana nan." Yana nan kuwa, a kan murfin haud ɗin inda ɗanta ya ajiye shi, gishiri ya fara cin bakinsa. Nakan ɗaga shi in goge ƙarƙashinsa, in mayar da shi wurin.